Yadda Ake Gina Filin Tanis na Jar Ƙasa a Maradi

Duk mai son shirya gasar tanis ta jiha a kan jar ƙasa, ya kamata ya fara lissafin ruwa kafin ya fara lissafin kofi, domin irin wannan fili ba ya rayuwa sai da danshi. Jan da ake gani a filayen Roland Garros na birnin Paris, waɗanda aka buɗe a 1928, kuma inda Rafael Nadal ya ɗauki kofi sau 14 tsakanin 2005 da 2022, garin jan bulo ne da kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Ainihin aikin yana ƙarƙashinsa, inda aka jera farin dutse niƙaƙƙe a kan tsakuwa mai kauri.

Da farko a zaɓi wuri mai ɗan tudu kusa da rijiya ko famfo, a guji fadamar Gulbin Maradi, saboda ruwa yana kwanciya a can da damina. A miƙar da tsawon filin daga arewa zuwa kudu, don kada rana ta shiga idon ƴan wasa da safe ko da la'asar. Filin wasan kansa mita 23.77 ne a tsawo da 10.97 a faɗi, amma sai an share kimanin mita 36 da 18, domin a kan jar ƙasa ɗan wasa yakan ja da baya sosai, yana zamewa kafin ya kai ga ƙwallo.

Tun da yake ƙasar yankin jigawa ce, rairayinta zai shanye ruwa da sauri amma ba zai riƙe daɓe ba, don haka sai a haƙe shi, a zuba tsakuwa, sannan a ɗora burji irin na aikin hanya. Kada a juye burjin gaba ɗaya. A riƙa shimfiɗa shi kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana dannewa, kamar yadda mata ke daɓen ɗaki, har sai mutum ya taka bai bar sawu ba. Nan ne masu gaggawa suke yin asara, domin daɓen da bai kama ba yakan lotsa bayan ruwan farko, kuma rami ɗaya a bakin layin baya ya isa ya ɓata wasa. A bar wa filin ɗan gangare zuwa gefe guda, wanda ido ba zai gane ba amma ruwa zai bi. Daga nan a daka fasassun tukwane ko gasasshen bulo, a tankaɗe da rariya mai laushi, a barbaɗa garin sama-sama. A ganina gara ya yi kaɗan da ya yi yawa, tun da ana iya ƙarawa kowane lokaci.

Tsayin raga mita 0.914 ne a tsakiya, 1.07 a wajen sanduna, layin sabis kuma, wato iyakar inda ƙwallon bugun fara wasa zai sauka, yana mita 6.40 daga raga. Farar ƙasa ta wadatar wajen ja layi, sai dai za a riƙa sabunta ta.

Game da lokacin gasa, Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi dacewa, bayan ɗaukewar damina kuma kafin iskar hunturu ta yi ƙarfin da za ta kwashe garin saman. Bazara ba ta da kyau, domin zafin Afrilu yakan haura digiri 40, ruwan da aka zuba kuwa ya ƙafe kafin a gama zagaye. A ranakun gasa a jiƙa filin sosai da daddare, a sake yayyafawa da asuba, sannan bayan kowane wasa a ja tsohuwar raga ko buhu a kansa don a daidaita gari, a share layuka, a cike duk inda takalmi ya tona kafin ƴan wasa na gaba su shiga.