Yadda na kashe amon da ya addabi jitata

Jitata irin samfurin Selmer ce, wadda makaɗi Django Reinhardt ya yi suna da ita a Faransa. Wata biyu ina fama da ita. Duk sanda na kaɗa na danne tsirkiyoyin da tafin hannu, sai wani siririn amo ya ci gaba da kuka kamar sauro a kunne.

Da farko na ɗora laifin a kan hunturu, na ce katako ne ya bushe. Na sauya tsirkiyoyi shidan, na ɗaure kusoshin maɗaurai, wato abubuwan da ake murɗawa a ja tsirkiya, duk a banza.

Ashe matsalar tana bayan jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa. A irin wannan jita ba a manne jakin ba, kuma tsakaninsa da ƙarfen wutsiya, wanda ke riƙe ƙarshen tsirkiyoyi a gindin jita, akwai guntun tsirkiya da ke amsawa shi kaɗai. Na ɗora yatsa a wurin na kaɗa, amon ya ɗauke ɗif.

Na shiga kasuwar Kurmi wajen dukawa. "Baba, a yanko mini fatar akuya mai laushi, faɗin yatsa ɗaya." Ko kuɗi bai karɓa ba, Allah ya saka masa.

A gida na saƙa fatar tsakanin tsirkiyoyin, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, na tura ta kusa da ƙarfen wutsiya. Kada ta taɓa jaki, domin da na matsar da ita can sai muryar jitar ta dushe. Ragowar na cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin can sama wajen maɗaurai, don nan ma akwai ɗan amo. Na sake saita sauti, na kaɗa, na danne: tsit. Alhamdulillahi.