Shawara ga masu jigilar amfanin gona da tsohuwar mota

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da kaka. Ni da Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya da muka gada wurin Baba, Allah ya jiƙan shi, nake kwaso dammunan hatsi daga gonarmu ta wajen Tibiri zuwa Maradi. Duk mai irin tata, don Allah kullum da safe ya kakkaɓe matatar iska, ya share ƙaiƙayin da ke toshe gaban inji, ya duba ruwa tun inji na da sanyi. Ƙaiƙayin nan shi ya sa ta yi mani zafi bara a tsakiyar rairayi, muka kwana daji. In za ku shiga rairayi ku ɗan rage iskar taya, kuma sawu biyu ya fi lodi ɗaya mai karya mata baya.

Wake kuwa, ku shanya shi ya bushe ƙayau kafin ku zuba a buhun PICS, wato buhun ajiyar nan mai riɓi uku da iska ba ta shiga, kowane riɓi a ɗaure shi daban. Ku ware tiya biyu ta sabon wake a kai wa Inna, ɗanwake da man gujiya da yaji bai jiran rani.