Yadda Ake Sauya Ra'ayin Mutum Ba Tare da Gardama Ba

Kada ka fara da hujja. Fara da tambayar abin da ya sa yake ganin lamarin haka, ka saurara har ka iya maimaita masa matsayinsa ya ce "haka ne". Kafin nan, duk hujjar da ka kawo ba za ta shiga kunnensa ba.

Dalili kuwa, idan mutum ya ji ana tauye masa 'yancin zaɓi, sai ya ƙara kafewa, kamar yadda masanin halayyar ɗan Adam Jack Brehm ya bayyana a 1966. Ka guji cewa "dole ne". Ka nuna masa shawara a hannunsa take.

Sannan ka nemi ƙaramin abu tukuna. A binciken da masana halayyar ɗan Adam Freedman da Fraser suka yi a 1966, waɗanda suka amince da ƙaramar buƙata sun fi amincewa da babba daga baya, domin mutum yana son aikinsa ya dace da yadda yake kallon kansa.

Hujja biyu masu ƙarfi sun fi goma masu rauni, don zai kama hujja mai raunin ya rushe sauran da ita. Ka ambaci raunin matsayinka da bakinka, ka ba da amsarsa. Kuma ku yi maganar ku biyu: a gaban jama'a kunya kan hana mutum janyewa ko da ya gamsu.