Yadda ake tsara ƙa'idar barden rantsuwa a wasan Dungeons & Dragons

A wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke ɗaukar matsayin jarumi guda a cikin ƙagaggen labari, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, babu jarumin da ya kai faladin jawo gardama. Barde ne da ya ɗaura wa kansa alkawari, kuma baiwarsa ta warkar da rauni da taɓin hannu da ta murƙushe mugaye tana rataye ne da cika wannan alkawari. A teburinmu na Yelwa da ke Bauchi, inda muke zama ranar Asabar bayan la'asar, barden rantsuwa muke ce masa.

Da farko sai jagoran wasa, wato mai ba da labarin da yanke hukunci, ya bayyana bugun littafin dokokin da za a bi, domin sharuɗɗan sun sha bamban. Faladin ya shigo wasan ne a 1975. A bugun 1978 dole ya kasance ɗan Adam mai makin kwarjini (ɗaya daga siffofin jarumi da ake aunawa da lamba) aƙalla 17, ba ya riƙe kayan sihiri fiye da goma, yana fitar da kashi goma cikin ɗari na abin da ya samu, kuma idan ya aikata mugunta da gangan ya rasa matsayinsa har abada. Bugun 2003 ya hana shi ƙarya da zamba da amfani da guba. A bugun 2014 kuwa babu sharaɗin hali, wato ba dole ne ya zama mai kirki kuma mai bin tsari ba, an dai ba shi rantsuwar da zai zaɓa idan ya kai mataki na 3 na ƙwarewa, ta sadaukarwa ko ta magabata ko ta ramuwa. Wannan bugun ya fi yi mana sauƙi a nan, domin ana iya jingina ƙarfin barden ga alkawarinsa kawai ba tare da an sako gumakan labari ba, kuma mun hana kowa ambaton sunan Allah a rantsuwar wasa.

Daga nan sai a fahimtar da ɗan wasa ma'aunin hali. Ma'auni biyu ne, ɗaya tsakanin kirki da mugunta, ɗayan tsakanin bin tsari da bijire masa, kowanne da tsaka-tsakinsa, waɗanda idan aka haɗa su suke ba da matsayi tara. Faladin na tsofaffin bugu an ɗaure shi a matsayi guda, wato mai kirki kuma mai bin tsari, kuma rigima tana tasowa ne ranar da waɗannan biyun suka raba hanya.

Saboda haka mataki mafi muhimmanci shi ne jagora da ɗan wasa su zauna kafin ranar fara wasa, su rubuta ƙa'idar a takarda, layi huɗu ko biyar, su jera ta daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi. A ɗauka cewa a cikin labarin barde ya ɓoye wata gwauruwa da azzalumin hakimi yake nema, dogarai kuma sun tsaya a zaure suna tambaya. Idan takardar ta ɗora kare rai a kan faɗin gaskiya, ɗan wasan ya san inda zai dosa, idan kuma ta hana ƙarya kwata-kwata, to zai iya ƙin amsawa ya tare ƙofa da garkuwarsa. A tambayi ɗan wasan tun a lokacin abin da zai yi da ɗan fashin da ya miƙa wuya a dajin da babu alƙali, da kuma irin sarkin da yake ganin ya cancanci biyayya, a rubuta amsarsa.

Idan wasa ya kankama, a yi gargaɗi kafin hukunci. Na taɓa kuskure a nan: wani abokinmu ya sare fursuna cikin fushi, na ƙwace masa baiwarsa nan take, ya ajiye dayis ɗinsa mai fuska ashirin, wanda ake jefawa don a ga ko yunƙurin jarumi ya yi nasara, ya yi shiru, sai da aka yi makonni bai sake leƙo mu ba. Yanzu da na ga hannun ɗan wasa ya ɗaga, sai in ce, "Malam, ka dubi layi na biyu a takardarka tukuna. Har yanzu za ka jefa?" Idan ya jefa, ya zaɓa da saninsa.

Hukuncin ma a yi masa hawa-hawa. Ƙaramin laifi ya wadatar da kwanan tsaro ko biyan diyya a cikin labarin, babba kuma ya dakatar da baiwa har sai an kammala wani aiki mai wuya na gyara ɓarna. Wanda ya ƙi nadama, littafin jagora na 2014 ya tanadar masa matsayin mai karya rantsuwa, amma kada a tura kowa can sai da yardarsa.

Saura batun abokan tafiya. Ƙa'idar barde kansa ta ɗaure, ba ta naɗa shi ɗan sandan tebur ba, don haka idan akwai mai wasa da jarumin ɓarawo, a haɗa su biyun tun farko su daidaita abin da barden zai kawar da kai a kansa da abin da zai sa ya zare takobi.