Yadda Ake Tafiyar da Ƙungiyar Kare Haƙƙin Baƙi Bisa Amana

Ni ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiya a Sabon Garin Zariya mai tsaya wa baƙi: 'yan ga-ruwa da masu gadi da masu shayi da suka zo ci-rani daga Maraɗi da Tawa da Damagaram, sai iyalan da 'yan bindiga suka taso daga Birnin Gwari da Zamfara. Matasan Samaru da Tudun Wada kan tambaye ni ta ina za su fara tasu. Nakan ce musu kafin kama ofis ko buga allo, su zauna su rubuta dokar da za ta ɗaure su su kansu.

Ku fara da kujeru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka baƙin nan su shiga kwamiti da cikakkiyar ƙuri'a. Mu rabin kujeru muka ware musu, ciki har da na mata. Wa'adin shugaba shekara biyu, kada ya wuce zango biyu. Ku kuma sa babban taro da zaɓe a cikin rani, domin da ruwa ya sauka 'yan ci-rani sun koma gona, duk abin da kuka yanke da damina a bayan idonsu kuka yanke shi.

Sai kuɗi, wanda a nan muka taɓa ƙonewa. Da farko a aljihun ma'aji muke ajiye kuɗin wata-wata. Ranar da wani mai gadi ya rasu muka nemi kuɗin likkafani da na motar da za ta mayar da iyalinsa gida, sai ga kuɗi ba su cika ba. Ba sata ya yi ba, rance ya bai wa wani, amma wannan rana mun sha kunya a gaban matar mamacin. Tun daga nan sai asusun banki: mutum uku ke da ikon sa hannu, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa. Shugaba da ma'aji kada su fito gida ɗaya. Kowace naira da rasit ɗinta, kuma duk wata a karanta lissafi da baki, da Hausa, don da yawa cikin mutanenmu ajami suke karantawa. Wanda aka taimaka kuwa ba a karɓar masa ko goro.

Rajista a CAC ake yi, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 da ake kira CAMA. Za ku naɗa amintattu, ku kai kundin tsarin mulkinku, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki zai nemi takardar SCUML, ofishin hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC.

Abin da ya fi damuna shi ne sirri. Baƙo in ya zauna gabanka yana faɗa maka yadda ya shigo, da bashin da ya baro, da uban gidan da ya hana shi albashin wata uku, ransa ya damƙa maka. Littafin sunaye ya zauna a kulle, mabuɗi a hannun mutum biyu, kada a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp. Mun taɓa sa hoton wata baiwar Allah a Facebook tana karɓar kwanon shinkafa. Dangin mijinta suka gani, aka yi ta yi mata gori, ba ta sake taka ƙofarmu ba. Har yau abin na ci mini rai. Yanzu sai an tambayi mutum, kuma ana gaya masa cewa in ya ƙi, rabonsa ba zai ragu ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hau kanku.

Ku san doka, ku faɗa wa mutanenku gaskiyarta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice ranar 29 ga Janairun 2025, sai dai a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu har zuwa wata sanarwa. Don haka ku raka mutum ofishin shige da fice ya ji matsayinsa daga bakinsu. Kada tausayi ya sa ku nema wa baƙo takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma ta ƙarya, ko katin zaɓe. Ranar da asiri ya tonu shi za a fara kamawa.

In kuka ci karo da yarinyar da aka kawo aikatau ana karɓe kuɗinta, ko wanda ake yi wa romon bakan kai shi Libiya ta Agadas, wannan ba maganar sulhu a zaure ba ce. Ku kai wa NAPTIP, hukumar da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane.

Ku kuma buɗe ƙofar kai ƙarar ku kanku. Mu mun roƙi mai unguwa da wata dattijuwa, dukansu ba 'yan kwamiti ba, su riƙa sauraron duk wanda ɗan ƙungiya ya zalunta ko ya nema da lalata. A kowane taro sai na tashi na faɗi inda gidajensu suke, saboda sababbin zuwa.