Takardar asibiti ba gaisuwa ba ce

Na zo ganin gida a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, kuma tun da na sauka samari biyu masu shirin tafiya Ingila aikin kula da tsofaffi ba su bar zaurenmu ba. Tambayarsu kuɗin haya da sanyi. Ni kuwa abin da nake so in ja kunnenku a kai, ku da waɗanda suka riga suka isa, wata 'yar takarda ce da ake miƙa wa mutum a asibiti.

Sunanta EQ-5D. Abu biyar take tambaya: tafiya, wanka da sa tufafi, ayyukan yau da kullum, ciwo, sai damuwa ko ƙuncin rai. Daga baya a nuna maka ma'auni daga 0 zuwa 100, ka nuna inda lafiyarka take a yau ɗin nan. Tun 2009 asibitocin gwamnati a Ingila suke ba waɗanda za a yi wa aikin gwiwa ko ƙugu ita, kafin tiyata da bayanta.

Ranar da na kai Inna asibiti can Ingila a duba gwiwarta, ni na riƙa karanta mata. "Inna, tafiya fa?" Ta ce, "Alhamdulillahi." "Ciwo?" "Da sauƙi." Matar da ta shekara biyu tana sallah a zaune, ko buta sai an miƙo mata! Na ajiye biro na ce, "Inna, ba gaishe ki ake yi ba, likita ne ke son sanin gaskiya." Sai a lokacin ta ce dare ba ya wucewa ciwon bai tashe ta ba. Kawaici adonmu ne, ba na so mu yar da shi, amma a takardar nan cutar da mutum yake yi, don abin da ka rubuta shi za a ɗauka. Godiya ga Allah ba ta hana a gaya wa likita inda ke ciwo.

Sai batun maki, inda mutanenmu suka fi rikicewa. Akwai wata takardar, SF-36, mai tambaya 36, da ƙanwarta SF-12, wadda har an fassara ta da Hausa. Sau da yawa ana lissafa makinsu ta yadda 50 shi ne matsakaicin jama'ar Amurka, kuma yawancin mutane tsakanin 40 da 60 suke. Saboda haka wanda ya ga 47 kada ya ɗauka ya faɗi jarrabawa. Yana cikin jama'a. Wanda ya sami 35 ne ke bukatar a zauna da shi.

Ko nan ma da sauran magana. Ƙarfin jiki na raguwa da shekaru, don haka ana ware ma'aunin jama'a gwargwadon shekaru da jinsi. Buhun gero ba a auna shi da tiyar wata kasuwa a ce ya gaza. Ku tambayi likita kai tsaye: da su wa aka gwada ni? Dattijuwa mai shekara 70 da tsararrakinta mata ya kamata a gwada ta, ba da ɗan shekara 30 ba. Kuma mutanen da aka auna can ba manoman Jigawa ba ne. A SF-36 za ka ga ana tambayar tura na'urar shara ko wasan golf, abin da Inna ba ta taɓa gani ba. Na mayar mata da shi daka da ɗebo ruwa a rijiya, nan take ta gane.

Idan Turancin ya yi nauyi, ku nemi tafinta, kyauta ne a asibitocin gwamnatin Ingila. Sannan ku ɗauki hoton takardar da waya ku adana. Wata shida bayan aikin Inna aka aiko mana da irinta ta gidan waya, muka ajiye su gefe da gefe. A layin ciwo ta sauko daga mai tsanani zuwa kaɗan, a layin tafiya kuwa ba abin da ya motsa, kuma da wannan layin muka koma wurin mai gashin ƙashi.