Darasi na 7: Girki da Burokoli

Burokoli ɗan gidan su kabeji ne. Asalinsa daga Italiya yake, amma a yau ƙasashen Sin da Indiya ne suka fi kowa noma shi. Abin da muke ci tohon fure ne da bai kai ga buɗewa ba, a dunƙule bisa kara mai kauri. Giram 100 na ɗanyensa yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 34 kacal, amma bitamin C da ke cikinsa ya fi na lemun zaƙi mai nauyi ɗaya da shi. Yana kuma da bitamin K, da folet wanda masu juna biyu ke bukata, da fayiba mai sa bayan gida ya zo ba wahala.

Yawancin waɗanda suka ce ba sa son burokoli, wanda ya sha ruwa ya daɗe a wuta aka ba su. Shi ya sa lissafin minti ya yi yawa a wannan darasi.

Zaɓe da wanki

Ku ɗauki kan a hannu ku ji nauyinsa. Mai kyau yana da nauyi, kore ne shar, tohon a matse yake. Idan ya fara yin ruwan ɗorawa, furen na shirin buɗewa ne, ɗaci zai yi. Ku duba gindin karan: in ya bushe ya tsage, ko yana lanƙwasuwa in an matsa shi, ya kwana biyu da yankewa.

Ku yanke ƙananan rassan daga jikin kara, kowanne kamar girman babban yatsa. Girman ya zo ɗaya, in ba haka ba ƙanana za su narke manya ba su nuna ba. Sai ku jiƙa su minti 10 a ruwa lita 1 da gishiri babban cokali 1. Tsutsa da ƙananan ƙwari kan ɓuya a cikin tohon, launinsu ya saje da shi, gishiri ne ke fito da su. Ku ɗauraye da ruwa mai tsabta, ku tsane a gwagwa.

Kada a zubar da kara. A fere ɓawon waje mai tauri har sai an ga ciki fari-fari, a yanka sala-sala. Ya fi furen zaƙi, sai dai yana bukatar ƙarin minti 2 a wuta, don haka shi ake fara zubawa.

Turarawa

Wannan ce hanyar da muka fi ba da shawara a kai. Bitamin C da folet suna narkewa a ruwa. Idan kun tafasa burokoli a cikin ruwa mai yawa kuka tsiyaye, wani kaso na amfaninsa ya bi ruwan. Tururi kuwa yana dafa shi ba tare da ya wanke shi ba.

A zuba ruwa a tukunya, zurfinsa kamar gaɓar yatsa biyu. Idan ya tafasa, a ɗora madambaci ko gwagwar ƙarfe, kada ruwa ya taɓa ƙasanta. A zuba burokoli, a rufe, a duba agogo. Minti 4 zuwa 5 sun isa. Gwajinsa da bakin wuƙa ne: ta shiga karan da ɗan turjiya kaɗan. A sauke nan take a baza a faranti. Idan aka bar shi a rufe a tukunya, zafin da ya rage zai ci gaba da dafa shi.

Wanda ba shi da madambaci ya tafasa ruwa da gishiri tukuna, ya zuba burokoli minti 3, ya kwashe. Ruwan kuma a ajiye a dafa shinkafa ko miya da shi.

Me ke faruwa idan ya wuce lokaci? Koren yana dusashewa ya koma kamar ruwan ƙasa, jikin ya yi laɓe-laɓe, sai kuma wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika kicin. Warin daga sinadarin salfa (farar wuta) da ke cikinsa ne, wanda dogon dahuwa ke saki. Tsami ma yana kashe koren, saboda haka lemun tsami sai an zo ci ake matsawa.

Soyayyen burokoli da tafarnuwa, na mutum 4

Kayan haɗi: burokoli kai 1 babba, kamar giram 500, mai babban cokali 2, tafarnuwa sili 4, citta ɗanya ɗan gutsure, albasa 1, karas 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, masoro kaɗan.

A ɗora kasko ya yi zafi sosai kafin a zuba mai. A soya albasa da karas minti 2, a zuba burokoli a riƙa juyawa minti 2. Sai a sa tafarnuwa da citta. Suna zuwa daga baya ne domin tafarnuwa na saurin ƙonewa, in ta ƙone kuwa duk abincin ya yi ɗaci, ba gyara. A yayyafa ruwa babban cokali 4, a rufe minti 2, a buɗe a bar ruwan ya tsotse. A sa gishiri da masoro. Ana ci da shinkafa ko taliya. Mai son ƙarin abin gina jiki ya zuba dafaffen wake kofi 1 ko tsokar kaza da aka riga aka soya.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cika kasko. Idan kayan suka hau kan juna, ruwa suke fitarwa, suya ta koma dahuwa. Kasko ƙarami ne? A raba biyu.

Miyar sha

A soya albasa 1 a mai babban cokali 1. A zuba dankalin Turawa 2 da aka yanka ƙanana, da karan burokoli, da ruwa ko romo kofi 4. Bayan minti 12, dankali ya yi laushi, a zuba furen a ba shi minti 4. A markaɗa. Dankalin ne ke ba ta kauri, ba sai an nemi kirim ba. Hattara da injin markaɗe: miya mai zafi a cika shi rabi kawai, a danne murfi da tsumma, don tururi na iya cillo shi.

Abin taɓawa

Wainar burokoli da ƙwai yara na sonta. A turara burokoli kofi 2, a bari ya huce, a yanka ƙanana-ƙanana, a sa a tsumma mai tsabta a matse ruwan. Wannan matsewa ita ce sirrin. Wainar da ke wargajewa a kasko, ruwa ne ya yi mata yawa. A haɗa da ƙwai 2, fulawa babban cokali 4, gurzajjiyar albasa rabi, da gishiri ɗan kaɗan. A shafa mai a kasko, a riƙa ɗiba da cokali ana dannawa, minti 3 kowane gefe a matsakaiciyar wuta. Ana samun kamar guda 10.

Mai obin, wato murhun gashi, ya gwada gashi. A tsane burokoli ya bushe ƙayau, a cuɗa da mai babban cokali 2 da gishiri, a baza a tire, a gasa a digiri 220 na Salshiyos minti 18 zuwa 20. Gefensa ya yi ja-ja, haka ake so. A dangwala da yogot mara suga da aka sa wa tafarnuwa.

Ajiya da lafiya

Ɗanye yana kwana 3 zuwa 5 a firji, ba a wanke ba, a leda mai huji. Dafaffe ya shiga firji cikin awa 2, a cinye cikin kwana 3. Domin ajiya a firiza, a tafasa minti 3, a tsoma a ruwa mai ƙanƙara, a tsane, sannan a ɗaure.

Wanda bai saba ci ba zai iya jin kumburin ciki da iska. Ya fara da rabin kofi na dafaffe. Mai shan maganin tsinka jini mai suna wafarin kada ya ƙara yawan cin burokoli farat ɗaya sai ya yi magana da likitansa, domin bitamin K na rage ƙarfin maganin. Jariri daga wata 6 ana iya ba shi, a dafa ya yi laushin da zai murtsuke tsakanin yatsu, ba gishiri.

Aiki

1. Soyayyen burokoli na mutum 4 ya ci giram 500 da mai cokali 2. Rubuta abin da ake bukata na mutum 8.
2. An ɗora burokoli a madambaci da ƙarfe 6:10. Ƙarfe nawa za a sauke?
3. Rubuta alamu 2 da ke nuna burokoli ya wuce lokaci a wuta.